Yadda Ake Shirya Zaman Tatsuniya da Wasan 'Yar Tsana a Ɗakin Karatu na Jama'a

Yawancin masu shiga ɗakunan karatu na jama'a a garuruwanmu ɗalibai ne masu shirin jarrabawa da manya masu neman jarida ko wurin da babu hayaniya. Yaro ɗan shekara shida ba shi da abin da zai kai shi can, domin bai iya karatu sosai ba tukuna, kuma abu na farko da ake gaya masa a bakin ƙofa shi ne ya yi shiru. Zaman tatsuniya na mako-mako shi ne hanya mafi sauƙi da mafi arha ta ba wannan yaro dalilin zuwa. Wannan jagora an rubuta ta ne domin ma'aikacin laburare, ko malamar firamare, ko wata ƙungiyar unguwa da ke son fara irin wannan zama. Tsarin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne cewa tatsuniya ce a gaba, 'yar tsana mai yi mata hidima ce, littafi kuma shi ne inda ake son hannun yaron ya kai kafin ya koma gida.

Mataki na farko: izini, wuri da lokaci

A fara da rubuta takarda gajera zuwa ga shugaban ɗakin karatun, a bayyana ranar da ake so, da yawan yaran da ake sa ran zuwansu, da sunan wanda zai ɗauki nauyin zaman. Idan aka ce wannan ba aikin laburare ba ne, akwai hujjar da za a iya kawowa: sanarwar da UNESCO da ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya, IFLA, suka fitar a 1994 ta lissafa tallafa wa adabin baka da cusa wa yara son karatu tun suna ƙanana a cikin ayyukan ɗakin karatu na jama'a. Damuwar shugaba ta gaskiya yawanci hayaniya ce, saboda haka a zo masa da maganinta tun kafin ya tambaya. Idan babu sashen yara mai ƙofa, baranda ko inuwar bishiyar da ke harabar gidan ta wadatar, muddin daga nan ana iya shiga da yaran wurin kantocin littattafai a ƙarshen zama.

A kawar da kujeru a shimfiɗa tabarmi. Yara su zauna kamar jinjirin wata, ƙanana a gaba, manya a baya, wanda ba ya ji sosai ko ba ya gani sosai a kusa da mai ba da labari. Kada haske ya kasance a bayan mai tatsuniya, domin fuskarta rabin labarin ce.

Zaɓen lokaci yana buƙatar a tambayi iyayen unguwar, kada a yanke shi a ofis. Yara da yawa suna boko da safe, Islamiyya da yamma, wasu Islamiyyun kuma suna karatu Asabar da Lahadi da safe. Tunda Alhamis da Juma'a su ne ranakun hutun yawancin Islamiyyu da makarantun allo, yammacin Alhamis bayan la'asar kan dace da mafi yawan yara, har da almajirai, waɗanda bai kamata a manta da su ba wajen gayyata. Duk ranar da aka zaɓa, a tsaya a kanta. Zaman da ake ɗagawa yau a sauya gobe ba ya tara jama'a.

Akwai tsohon camfi cewa ba a tatsuniya da rana, kuma ba mamaki wata tsohuwa ta ƙi farawa saboda shi, ko wani yaro ya tayar da maganar. Ba a gardama da wannan. A wurare da dama al'adar da kanta ta tanadi mafita, wato a ɗaure Gizo tukuna sannan a fara. A tambayi mai tatsuniyar yadda ake yi a garinsu, a bar ta ta yi a gaban yaran, sai ya zama wani ɓangare na buɗe zaman da za su riƙa jira kowane mako.

Mataki na biyu: neman mai tatsuniya

Wannan ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi yi wa gaggawa. Ma'aikacin laburare yana iya karanta tatsuniya daga littafi, amma karantawa daban, bayarwa daban. A kowace unguwa akwai wata Iya ko Goggo ko Inna da jikokinta suka san ta da labari, wadda ta san waƙoƙin da ke cikin tatsuniyoyin da karinsu, abin da takarda ba ta iya ɗaukowa. Ana samun irin waɗannan mata ta hanyar tambayar yaran da kansu wa ke yi musu tatsuniya a gida, ko ta wajen malaman Islamiyyar matan aure, ko mai unguwa.

Idan an same ta, a je gidanta a gaishe ta, a nemi yardarta da ta mai gidanta ko 'ya'yanta idan haka tsarin gidan yake. A tanadi kuɗin motarta da ɗan abin goro a kowane zuwa, ko da kaɗan ne, kuma a faɗi adadin tun farko. Ilimin da take ɗauke da shi ba kyauta ta tsince shi ba, kuma kunya ba za ta bar ta ta tambaya ba. Ya fi kyau a sami mutum biyu ko uku da za su riƙa karɓa-karɓa, saboda rashin lafiya da biki da rasuwa ba sa sallama. Maza ma suna da nasu, musamman labaran mafarauta da na fatake da almara, kuma yara manya sukan so su.

Kafin ranar farko a zauna da ita ta ba da tatsuniyoyi uku ko huɗu ba tare da yara ba. A nan ne za a san tsawon kowacce, da wadda ke da waƙar da yara za su iya amsawa, da wadda ba ta dace da zaman jama'a ba.

Mataki na uku: zaɓen labari

Rumbun yana da faɗi. Akwai tatsuniyoyin Gizo da matarsa Ƙoƙi, da na Kura da kwaɗayinta, da Dila malamin daji, da Botorami, da Dodo, da 'yar Bora da 'yar Mowa, da Auta wanda yayyensa suka raina. Wanda ke neman ƙari a rubuce zai samu a jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, da Taskar Tatsuniyoyi na Bukar Usman. Tarin da Frank Edgar ya buga a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913 yana da yawa ƙwarai, sai dai rubutunsa na tsohuwar ƙa'ida ne kuma ba domin yara aka tattara shi ba, saboda haka babba ne zai karanta ya tace. Shafukan African Storybook da StoryWeaver a intanet suna da littattafan yara masu hotuna da Hausa waɗanda aka yarda a sauke a buga kyauta, kuma suna da amfani ga laburaren da kantar yaransa ta Turanci ce zalla.

Ga 'yan shekara huɗu zuwa bakwai a zaɓi labari mai maimaici da waƙa, wanda bai wuce minti bakwai ko takwas ba. 'Yan takwas zuwa goma sha biyu suna iya bin labari mai rassa, kuma suna son wanda ke ƙarewa da tambaya, irin na samari uku da kowanne ya yi bajinta a ce wa ya fi cancanta, domin su yi ta muhawara.

Tacewa tana buƙatar hankali. A ajiye duk labarin da ke da batsa, da wanda dariyarsa ta dogara ga wulaƙanta wata ƙabila ko makaho ko gurgu ko kuturu, domin ɗakin karatu na kowa ne kuma ba a san ɗan wa ke zaune a kan tabarma ba. Labaran kishiyoyi ma a yi musu lura, saboda a cikin yaran akwai wanda abin da ake faɗa shi ne halin gidansu. Amma kada tacewar ta kai ga cire wa tatsuniya haƙora. Dodo ya zauna a Dodonsa. Yaro yana son ya ji tsoro kaɗan alhali yana zaune cikin 'yan'uwansa, ya kuma ga yarinyar da Dodo ya haɗiye ta fito da ranta. Haka kuma Gizo maƙaryaci ne mai haɗama, kuma ba kullum ake kama shi ba. Idan aka mayar da shi yaron kirki, ba wanda zai saurare shi.

Mataki na huɗu: haɗa 'yan tsana

Wasan 'yar tsana ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. 'Yan dabo sun daɗe suna yin sa a kasuwanni da wuraren biki: mai wasan yakan shige ƙarƙashin babbar riga da aka tokare da sanda, 'yan tsanan su riƙa leƙowa ta wuyan rigar suna magana da wata siririyar murya, wani kuma yana waje yana amsa musu. A Nijar ana ce musu ɗiyan dabo, kuma Barebari suna da irinsa a Borno. A ƙasar Tibi akwai Kwagh-hir, wasan da ke haɗa labari da 'yan tsana, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun gado na duniya a 2019. Yana da kyau mai shirya zaman ya san wannan, saboda zai gamu da masu cewa abin kwaikwayon Turawa ne.

Zai kuma gamu da iyayen da ke da damuwa ta addini game da siffar mai rai. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma ba a amsa ta da raini. Ya zo a hadisi cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma malamai da yawa sun kafa hujja da shi wajen sauƙaƙa kayan wasan yara. Abin da ya fi dacewa shi ne a je wa limamin unguwa ko wani malamin da iyayen suka yarda da shi tun kafin a fara, a nuna masa kayan, a ji ta bakinsa. Inda aka ga hankali bai kwanta ba, ana iya yin 'yan tsana marasa cikakkiyar fuska, ko a tsaya ga wasan inuwa.

Iri uku sun wadatar, kuma duk ana haɗa su da abin da ke kusa. Na farko ta safa ce. A sami tsohuwar safa mai tsabta, a zura hannu, yatsu huɗu su zama leɓen sama, babban yatsa ya zama na ƙasa. A yanko kwali mai siffar ƙwai, tsawonsa kamar tafin hannu, a ninka shi biyu, a tura shi cikin bakin safar a manne da gam ko a ɗinke, shi ne zai sa bakin ya riƙa buɗewa da rufewa da kyau. A ɗinka maɓallai biyu a matsayin ido, a yi kunne da ƙyallen da tela ya zubar. Safa mai ruwan ƙasa da aka ɗiga wa baƙin fenti ta zama Kura. Gizo kuma baƙar safa ce da aka cusa wa auduga, aka ɗinka mata ƙafafu takwas na igiya ko tsumma da aka murɗa, a ɗora masa 'yar hula domin a bambanta shi da Ƙoƙi mai ɗankwali.

Na biyu ta sanda ce. Ludayin duma da aka juya ya riga ya zama kai da wuya, sai a zana fuska a bayansa, a ɗaura kara a gicciye ya zama kafaɗu, a rataya ƙyalle ya zama riga. Wannan ta fi dacewa da mutane: sarki, tsohuwa, 'yar Bora. Yaran karkara da suka saba ƙera mota da kara za su fi babba iya wannan aiki, a bar su su nuna.

Na uku wasan inuwa ne, wanda ya fi sauran ban mamaki kuma ya fi su arha. A yanka siffar dabba a kwali daga gefe, a manna ta a tsinken tsire ko siririn kara, a ɗaure farin yadi a bakin ƙofa ko tsakanin kantoci biyu, a ajiye fitila mai caji a baya. Idan aka matso da siffar kusa da yadin inuwar takan fito ƙarama mai kaifi, idan aka ja ta baya wajen fitilar sai ta kumbura ta cika yadin. Da wannan dabara kaɗai ake sa Dodo ya taso daga ɗan ƙarami ya zama ƙato a gaban idon yara. Sharaɗinsa ɗaki mai duhu, saboda haka sai an rufe tagogi da zane. Kada a kusanto da kyandir ko fitilar kananzir inda yadi da takarda da yara suke.

Dandalin wasa ba ya buƙatar kafinta. Tebur da aka kwantar a gefensa, ko zanin gado da aka rataya a igiya daidai tsayin kan mai wasa idan ya durƙusa, ya isa.

Mataki na biyar: mayar da tatsuniya wasa

A ɗauki labarin Gizo da Giwa da Dorina a matsayin misali, domin 'yan wasa uku ne da igiya ɗaya. Gizo ya ci bashi wurin Giwa a tudu, ya ci wurin Dorina a ruwa, da lokacin biya ya yi sai ya ba kowannensu bakin igiya ya ce abin da zai biya da shi yana ɗaure a ɗaya bakin, su ja. Suka wuni suna jan juna, ba wanda ya san da wa yake ja. A raba shi fage huɗu: Gizo wurin Giwa, Gizo wurin Dorina, jan igiya, da lokacin da manyan biyu suka gano abin da aka yi musu. Giwa ta tsaya a wannan gefen dandali, Dorina a wancan, a sa shuɗin ƙyalle a gefenta ya zama kogi.

Kada a rubuta wa masu wasa dogon jawabi su haddace. Mai tatsuniya tana zaune a gaban dandali, a inda yara ke ganin ta, ita ke jan labarin, 'yan tsana kuma su karɓi wuraren zance kawai. Idan ta ce, "Sai Gizo ya je ya faɗi gaban Giwa ya yi gaisuwa," sai Gizo ya leƙo ya ce da tsamin bakinsa, "Yanki ya daɗe!" Wannan tsamin baki, inda ra ke komawa ya, sarki ya koma shayki, shi ne alamar Gizo, kuma da zarar yara sun ji shi sun san wanda ya iso.

Ƙa'idojin riƙe 'yar tsana kaɗan ne, amma sai an yi ta gwaji. Wadda ke magana ita kaɗai ke motsi, sauran su tsaya cik suna kallon ta. Baki yana buɗewa ne a kan gaɓar kalma, kuma babban yatsa ake saukarwa ƙasa, domin idan yatsun sama ake ɗagawa kan yakan riƙa wuntsilawa baya. Idon 'yar tsana ya kalli yara, kada ya kalli rufi, wanda ke nufin a ɗan karya wuyan hannu gaba. Ta shigo daga gefe kamar mai hawa matakala, ta fita haka. Hannu yakan gaji cikin 'yan mintuna ya fara nutsewa, shi ya sa wasan bai kamata ya wuce minti goma ba. A sa wani ya zauna a kan tabarma lokacin gwaji ya faɗi abin da yake gani da abin da yake ji, saboda zane yana cinye murya.

Mataki na shida: ranar zama

Minti arba'in da biyar zuwa awa ɗaya ya isa, da yara ashirin zuwa talatin da manya aƙalla biyu. A rubuta sunan kowane yaro da na wanda zai zo ɗaukarsa. A buɗe da kacici-kacici domin a tattaro hankali: ƙulun ƙulufit, su ce gauta, Baba na ɗaka gemu na waje, su ce wuta da hayaƙi. Wanda ya kasa ya ba da gari kamar yadda aka saba. Ana iya ƙarawa da karya-harshe irin na ƙato da kwaɗo da suka je ƙoto.

Daga nan mai tatsuniya ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa, "Ta zo mu ji ta," ko yadda ake amsawa a garin. Labarin farko a ba da shi da baki zalla, babu 'yar tsana, domin yaro ya saba ƙera hoton a kansa. Idan akwai waƙa a koya musu amshin kafin a fara. Na biyu shi ne na wasa. Idan ta rufe da ƙurunƙus, kada wani babba ya miƙe ya yi lacca a kan darasin da ke ciki. A tambaye su ne: me ya sa Giwa ta yarda da Gizo? Kai da kai ne Dorina, me za ka yi masa? Amsoshinsu sukan fi abin da babban ya shirya faɗa.

Kwata na ƙarshe na lokacin zaman na littafi ne, kuma ba a tsallake shi ko da lokaci ya ƙure. A riga an zaɓo littattafai goma ko goma sha biyar masu alaƙa da labarin ranar, na dabbobi, na koguna, na wasu tatsuniyoyin, a baza su a kan tabarma. A bar yara su taɓa, su buɗe, su yi gardama a kan hotuna. A nuna musu kantar da aka ɗauko su, a bar kowa ya mayar da nasa da hannunsa. Inda dokar laburaren ta yarda da aro, a yi wa yaro katinsa da sunansa a ranar. Sau ɗaya a wata a mayar da rabin zaman na ƙira, yara su haɗa nasu 'yan tsanan, babba ne kawai ke riƙe allura da reza, kuma a nisanta maɓallai daga ƙannen da aka goyo, saboda suna kai su baki.

Mataki na bakwai: adana abin da aka ji

Da izinin mai tatsuniya, a ɗauki muryarta da waya a kowane zama. Hoton yara kuwa ba a ɗauka a watsa sai iyayensu sun yarda. A rubuta labarin yadda ta faɗe shi, da karin harshenta, ko Sakkwatanci ne ko Katsinanci ko Hausar Damagaram, kada a gyara mata shi ya koma na littafin makaranta. A buga shi da manyan haruffa, a kula da ƙ da ɗ da ɓ, jimla biyu ko uku a kowane shafi, a bar rabin shafin fari domin yara su yi zane. A ɗinke shi da bangon kwali, a rubuta sunanta a gaba idan ta amince, a ba shi lamba a ajiye a kanta kamar kowane littafi. Inda almajirai ke zuwa, a nemi wanda zai rubuta kwafi ɗaya da ajami. Yaron da ya riga ya ji labari da kunnensa yakan iya bin sa a rubuce ko da karatunsa bai nuna ba, saboda ya san abin da ke zuwa.

Bayan wata uku a duba rajista a ga yara nawa ne ke dawowa, a duba littafin aro a ga ko katunansu na aiki. Idan ana cika tabarma amma ba a aron littafi, kwatan ƙarshe ne ke buƙatar gyara. Daga nan ana iya shirya babban zama da za a gayyaci iyaye, a ranar 21 ga Maris da ake bikin wasan 'yar tsana a duniya, ko 27 ga Mayu ranar yara a Nijeriya, ko 26 ga Agusta Ranar Hausa, yaran da suka fi daɗewa su riƙe 'yan tsanan da kansu. Daga cikin 'yan shekara goma sha ɗaya da goma sha biyu a zaɓi biyu ko uku a riƙa ba su labarin buɗewa, mai tatsuniya tana gefe tana gyara musu waƙar idan sun kauce.